Matakalar Kifi: Fasahar Buɗe wa Kifi Hanya a Madatsun Ruwa, da Abin da Ta Shafi Tiga da Challawa

Darasinmu na yau ba a kan sabuwar waya ko sabuwar manhaja yake ba, kodayake kafin mu ƙare za mu dawo kan wayar da ke hannunka. A kan kifi ne, da madatsun ruwa, da wata fasaha da ake kira matakalar kifi.

Mu fara daga gida. Idan kana zaune a Nassarawa GRA a Kano, ko kana bin titin Audu Bako zuwa makaranta ko wurin aiki, to kana wuce sunan mutumin da aka gina Dam ɗin Tiga a zamaninsa. Audu Bako shi ne gwamnan jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma a 1974 aka kammala Tiga. Ruwan da ake saki daga can yana cikin wanda matatar Tamburawa ke tacewa ta tura cikin gari. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa ma da shi ake noma su. Wato ko ba ka taɓa zuwa Tiga ba, ka ci, ka sha daga gare ta.

To amma ka lura da abin da ke kan tiren masu gasa kifi da yamma a unguwar. Akasari tarwaɗar kiwo ce, sai kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga teku. Ka tambayi wani dattijo daga Wudil ko Hadeja sunayen kifayen da ya sani yana yaro, zai lissafo maka tsage, kawara, faliya, burdo, cihaki, kurungu, ragon ruwa da giwan ruwa. Nawa ka taɓa gani da idonka a cikinsu? Ruwa ba ya tsami banza. Darasin nan zai nuna maka ɗaya daga cikin dalilan, da kuma irin gyaran da injiniyoyi suka ƙirƙiro.

Kifi ma matafiyi ne

Yawancinmu muna ɗauka kifi yana zaune ne inda aka haife shi har ya mutu. Ba haka ba ne. Kifayen kogi da dama suna da tafiya ta shekara-shekara, kamar yadda makiyayi ke da mashekari da wurin cin rani.

A kogunanmu na Arewa, damina ce ke buga ƙararrawar tafiyar. Da ruwa ya fara ƙaruwa a kogi, ya yi ja, ya ƙara gudu, sai kifin da ya yi rani a gurbi mai zurfi ya gane lokaci ya yi. Daga nan tafiyar iri biyu ce. Wasu, irin su tsage da kawara da burdo, sukan hau kogi, su nufi inda ruwa ke fitowa, don su zuba ƙwai. Wasu kuma, irin su tarwaɗa da karfasa da bargi, sukan bi ruwan da ya malala su shiga fadama. A fadama ruwa ba shi da zurfi, yana da ɗumi, ga ciyawa da ƙwari, ga wurin ɓuya daga manyan kifaye. Nan ƙananan ke girma cikin 'yan watanni. Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, sai su biyo shi su koma kogi, masunta kuma su samu rabonsu a hanya.

Shi ya sa masana kifi suka daɗe da lura cewa shekarar da ruwa ya malala sosai a fadama, kamun da ke biyo bayanta yakan yi albarka. Masunta sun riga su sanin haka.

Madatsar ruwa tana taɓa wannan tsari ta fuska uku. Ta farko, bango ne a tsakiyar hanya: kifin da ke ƙasa ba ya iya hawa. Ta biyu, tana riƙe ruwan damina, sai malalar da ke cika fadama ta ragu ko ta zo a makare. Ta uku, tana sakin ruwa da rani, lokacin da kogin ya saba ƙafewa, sai yanayin wurin ya sauya baki ɗaya. Matakalar kifi maganin matsala ta farko ce kawai. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Wani rahoton duniya da aka fitar a 2024 ya nuna cewa yawan kifayen ruwan daɗi masu ƙaura da ake bibiya ya ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1970 da 2020, kuma toshe koguna na cikin manyan dalilai.

Daga Tiga zuwa Nguru

Dam ɗin Tiga yana kan Kogin Kano. Tsayinsa mita 48 ne, tsawon bangonsa kusan kilomita 6, tafkin da ya tara kuma ya kai murabba'in kilomita 178. Na Challawa Gorge, a yankin Ƙaraye, an gama shi a 1992, tsayinsa mita 42, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 900. Kogunan biyu, Kano da Challawa, suna haɗuwa a kudu da birnin Kano su zama Kogin Hadeja. Shi kuma ya bi ta Wudil da Ringim da Hadeja, ya baje a dausayin Hadeja-Nguru, ya haɗu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, ya ƙare a Tafkin Cadi. A kusa da Auyo ma akwai wata ƙaramar madatsa da ke karkata ruwa zuwa gonakin noman rani na kwarin Hadeja. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda hedkwatarta ke Kano, ita ke kula da waɗannan manyan ayyuka.

A idon kifi, wannan duka hanya ɗaya ce. Mu ne muka yanka ta gida-gida.

Dausayin Hadeja-Nguru shi ne babban gidan renon kifin wannan kogi. A shekarar 2000 wani sashe nasa, wato Tafkin Nguru da mashigar Marma, ya zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Bayan gina Tiga, tare da farin shekarun 1970 da 1980, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa duk shekara ya ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki da rani kuma ya ba ciyawar kacalla damar yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa: wasu garuruwa ruwa ya kwanta musu a gona, wasu kuma ya daina isa gare su. Kacalla ta zama wata madatsar ta daban, wadda ba injiniyan da ya zana ta.

A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin da ake samu daga dausayin, wato noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da na aikin noman rani na Kogin Kano. Sun gano cewa idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, dausayin ya fi bayar da riba nesa ba kusa ba. Wannan ba ya nufin Tiga ba ta da amfani. Birni kamar Kano ba zai rayu ba tare da ajiyar ruwa ba, kuma tafkin kansa ya samar da sabon wurin su, inda karfasa da tarwaɗa ke yabanya. Abin nufi shi ne, an yi lissafin manomi da na mai famfo, ba a yi na masunci da kifinsa ba.

Mece ce matakalar kifi?

Matakalar kifi hanya ce ta ruwa da ake ginawa a gefen madatsa, wadda ke raba tsayin bango zuwa ƙananan hawa da kifi zai iya ci ɗaya bayan ɗaya. Kamar bene ne: ba mai tsalle daga ƙasa zuwa hawa na uku, amma da matakala yaro ma zai hau. Ga fitattun ire-irenta.

Ta farko, jerin kwatamai. Ana jera ƙananan kwatamai na siminti, kowanne ya ɗara na ƙasansa tsayi kaɗan, ruwa yana zubowa ta saman katangar da ke tsakaninsu. Kifi ya tsallaka, ya huta, ya sake tsallakawa. Ta fi dacewa da kifi mai tsalle.

Ta biyu, mai tsaga a tsaye. Ita ma kwatamai ne, amma a kowace katanga an bar tsaga daga sama har ƙasa. Kifi ba ya buƙatar tsalle, sai dai ya kutsa ta tsagar a zurfin da ya ga dama. Na saman ruwa ya bi sama, na ƙasa irin kurungu ya bi ƙasa. Tana aiki ko ruwa ya ƙaru ko ya ragu. An fara shahara da ita a Hell's Gate da ke Kogin Fraser a Kanada a shekarun 1940.

Ta uku, samfurin Denil, wanda wani injiniya ɗan Beljiyam mai wannan suna ya ƙirƙiro a 1909. Kwararo ne siriri mai gangare, an jera faranti a cikinsa don su karya ƙarfin ruwa. Tana da araha, amma babu wurin hutu, saboda haka ta gajeren bango ce.

Ta huɗu, rafin kewaye. Maimakon siminti, ana haƙa ƙaramin rafi mai duwatsu da lanƙwasa, ya zagaye madatsar kamar rafin Allah. A Dam ɗin Itaipu, tsakanin Burazil da Faraguwai, an buɗe irin wannan a 2002, tsawonsa kusan kilomita 10, yana hawa kusan mita 120.

Ta biyar, lif. Ana jawo kifi cikin wani babban akwati mai ruwa, inji ya ɗaga shi sama ya juye a tafki. Dam ɗin Holyoke da ke Kogin Connecticut a Amurka yana amfani da lif tun 1955. A wasu wuraren kuma tara kifin ake yi, a zuba a tankar mota, a kai shi gaba. Akwai ma wani kamfani a Amurka, Whooshh, da ya ƙera tiyo mai laushi wanda ke tura kifi da iska ya haye bango cikin daƙiƙoƙi.

Kowace iri aka zaɓa, abubuwa uku ne ke yanke hukunci. Dole kifi ya gano ƙofar, dole ya iya hawa ba tare da ya galabaita ba, kuma dole ya samu hanyar dawowa. Gano ƙofar ne ya fi kayar da injiniyoyi. Kifi ba ya karanta allo, ƙarfin ruwa yake bi. Idan ruwan da ke fita ta babbar ƙofar dam ya danne na matakalar, kifi zai taru a gindin bango yana dukan siminti, matakalar na gefe babu kowa.

Ɗan lissafi

Ɗauko kalkuletar wayarka. Gudun ruwa a tsagar matakala ya dogara ne da tazarar tsayi tsakanin kwatami da kwatami. Idan tazarar santimita 30 ce, ruwa zai fita da gudun kusan mita 2.4 a daƙiƙa. Idan 15 ce, kusan mita 1.7. Idan 10 ce, kusan mita 1.4. Kifin salmon na ƙasashen sanyi, wanda saboda shi aka zana yawancin matakalun farko, yana cin santimita 30 ba wahala. Ƙaramar kawara mai tsawon yatsa ba za ta iya ba.

Yanzu mu gwada da Tiga, a ƙiyasce. Raba mita 48 da santimita 15, za ka samu kwatamai 320. Idan kowanne tsawonsa mita 3 ne, matakalar ta doshi kilomita guda, ba a sa wuraren hutu ba. Sannan ruwan tafki yana hawa da damina ya sauka da rani, saboda haka ƙofar sama ɗaya ba za ta wadatar ba. Ga kuma ruwan da za a riƙa saki ta cikinta dare da rana, a ƙasar da kowane ɗigo ke da mai jiransa. Ka ga ke nan ba abu ne da za a ce kawai a je a gina ba.

Darasin Markala

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga misali. A Mali, a garin Markala da ke kusa da Segu, Turawan Faransa sun gina madatsa a kan Kogin Neja tsakanin 1934 da 1947, don ban ruwan gonakin Office du Niger. Tana ɗaga ruwa kusan mita biyar ne kawai, kuma an yi mata matakalar kifi. Masanin kifi Jacques Daget ya yi nazarinta tun 1950. Abin da aka gani shi ne kifi yana shiga, amma hanyar ta yi ƙanƙanta ƙwarai idan aka kwatanta da ɗimbin kifin da ke tasowa, musamman wata ƙaramar kawara da mutanen Mali ke kira tineni, wadda ke tafiya runduna-runduna. Mafi yawa sai su cunkushe a gindin madatsar, inda masunta ke jiransu.

Ostireliya ma ta sha irin wannan. Shekaru da dama suna kwaikwayon matakalun salmon, kifinsu na gida ya kasa hawa. Sai da suka koma suka auna ƙarfin iyon kifayensu, suka rage gangaren, suka koma samfurin tsaga a tsaye. Daga 2001 suka ƙaddamar da shirin buɗe Kogin Murray daga teku har Dam ɗin Hume, tafiyar sama da kilomita 2,000, kuma a nan ne aka ga ƙanana da manyan kifaye suna wucewa.

Wani nazari na 2012 da ya tattara sakamakon matakalu masu yawa ya nuna cewa dangin salmon suna haurawa da kusan kashi 62 cikin ɗari, sauran kifaye kuwa kusan kashi 21 kacal. A Burazil kuma an gano wata illar: kifi ya hau lafiya, ya zuba ƙwai, amma ƙwan da ya saba bin ruwa mai gudu zuwa fadama sai ya faɗa tafki mai ruwa a tsaye, ya nutse ko a cinye shi. Matakalar ta zama tarko. Kowa da kiwon da ya karɓe shi: abin da ya yi wa salmon daidai ba lallai ya yi wa tsage ba.

Inda na'ura ta shigo

Ta yaya ake sanin matakala tana aiki? Da can mutum ne ke zama yana ƙirga. A Dam ɗin Bonneville da ke Kogin Columbia a Amurka ana ƙirga kifi tun 1938, har yau akwai tagar gilashi da ake kallonsu suna wucewa. Yanzu na'urori sun karɓi mafi yawan aikin, kuma kusan dukansu 'yan uwan abin da ke cikin wayarka ne.

Alamar PIT. Wata 'yar ƙwaya ce ta gilashi, tsawonta kusan milimita 12, kamar ƙwayar shinkafa, ana cusa ta a jikin kifi da allura. Ba ta da batir. Idan kifin ya ratsa ta zoben eriya da aka kafa a matakala, eriyar ce ke ba ta wuta ta iska, ita kuma ta faɗi lambarta. Fasahar RFID ce, irin ta katin banki da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an zura ba. Bambancin shi ne mita: alamar kifi tana magana a kilohaz 134.2, NFC na waya kuma a megahaz 13.56, saboda haka wayarka ba za ta karanta ta ba. Idan aka sa eriya a ƙofar ƙasa da ta sama, kwamfuta za ta faɗi kifi nawa ya shiga, nawa ya fita, da awa nawa ya ɗauka.

Kyamara da ƙirƙirarriyar basira. Ana kafa kyamara a wani ƙunci na matakala, manhaja ta gane nau'in kifi da girmansa, kamar yadda wayarka ke gane fuskarka. Sai dai tana buƙatar dubban hotuna na kowane nau'i kafin ta koya. Hotunan salmon sun cika intanet, na faliya da cihaki kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Kyamarar sauti. Ruwan kogunanmu da damina ja ne, kyamara ba ta ganin komai. A nan ake amfani da sona, mai aika sauti ta zana hoto daga amsa-kuwwa, kamar hoton ciki da ake yi a asibiti. Akwai ma ƙanana na masunta, irin na kamfanin Deeper, girman ƙwallon tanis, ana jefawa a ruwa su turo zurfi da motsin kifi zuwa waya ta Wi-Fi.

Gwajin ƙwayar halitta a ruwa. Kowane kifi yana zubar da majina da ɓawo a ruwa. Ana ɗibar ruwa lita ɗaya ko biyu, a tace, a kai ɗakin gwaji, a karanta DNA ɗin da ke ciki. Ba a kama ko ɗaya ba, amma a san waɗanda ke sama da dam da waɗanda ke ƙasa.

Ƙararrawar kifi. Wannan ita ce ta fi ban sha'awa. A birnin Utrecht na ƙasar Holan akwai wata ƙofar jiragen ruwa da ke rufe a farkon bazararsu, daidai lokacin da kifi ke son wucewa. Tun 2021 suka sa kyamara a ƙarƙashin ruwa, suka ɗora hoton kai-tsaye a intanet. Duk wanda ya ga kifi, ko daga ina yake, sai ya danna maɓalli, hoton ya je wa mai kula da ƙofar. In kifin ya taru, ya buɗe musu. Daga watan Maris, rubuta visdeurbel a Google, kai ma daga Kano za ka iya danna musu.

To me ya dace da kogin Kano?

Mu koma ga matsaloli ukun nan. Ga kogi irin namu, inda rayuwar kifi ta rataya a kan malalar damina, hanya ta farko da kifi ke buƙata ita ce ruwan kansa. Sakin ruwa daga Tiga da Challawa a tsare, a lokacin da ya dace da damina, har ya kai fadamun Hadeja da Nguru, zai iya amfanar kifi fiye da kwatamai 320. An gwada makamancin haka a maƙwabta. A arewacin Kamaru, Dam ɗin Maga da aka gina a 1979 ya busar da fadamar Waza-Logone. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, ruwa ya sake malala a wani yanki, ciyawa da kifi da masunta suka dawo. Amma sakin ruwa abu ne mai haɗari idan ba a yi shi da ilimi ba, domin garuruwan Jigawa sun sha ambaliya. Yana buƙatar na'urorin auna ruwa a kan kogi, hasashen yanayi, da saƙon gargaɗi da zai isa wayar manomi kafin ruwa ya iso gonarsa.

Na biyu, yashe hanyoyin da kacalla ta toshe. Buɗe mashigar da ta haɗa kogi da fadama shi ma matakalar kifi ce, ko da ba siminti a ciki.

Na uku, a fara da gajerun shinge. Ƙananan madatsu, kwalbatocin da aka ɗaga sama da ruwa, da ƙofofin noman rani, su ne inda 'yar matakala mai tsaga ko rafin duwatsu zai yi aiki da kuɗi kaɗan.

Na huɗu, a auna kifinmu kafin a zana komai. Gudun iyon tsage nawa ne? A wane wata burdo ke tasowa? Da dare ko da rana? Wannan aiki ne da ɗaliban Jami'ar Bayero da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa za su iya yi tare da sarakunan ruwa, domin ilimin na wurin masunta.

Na biyar, duk inda aka buɗe hanya, sai an yi yarjejeniya da masunta a bar bakinta. Kifin da ya taru a ƙofa ɗaya ganima ce ga mai raga, kamar yadda aka gani a Markala.

Idan kuma za a gina sabuwar madatsa, ko a ƙara injin lantarki a tsohuwa, lokacin tambaya shi ne tun ana zane. Sa hanyar kifi a takarda ya fi fasa siminti sauƙi, kuma farfelar injin lantarki tana buƙatar raga da za ta kare kifin da ke gangarowa.

Aikin gida

Gani ya kori ji. Ga abubuwa huɗu da za ka iya yi da wayarka.

Ɗaya, buɗe Google Earth ka nemo Tiga, ka bi kogin da yatsa har Nguru. Ƙirga gadoji da shinge da wuraren da ruwa ya ɓace cikin kore. Shafin Timelapse na Google Earth yana nuna hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1984, a ciki za ka ga tafkin Challawa ya bayyana a inda babu shi.

Biyu, sauke manhajar iNaturalist. Duk lokacin da ka je bakin ruwa ko kasuwar kifi, ɗauki hoton kifin kogi daga gefe, kai da jela duka su fito, ka rubuta ruwan da aka kamo shi da sunansa na Hausa. Masana za su taimaka da sunan kimiyya. Irin waɗannan hotuna ne manhajar gane kifi ke koyo da su.

Uku, nemi izinin wani tsohon masunci ka ɗauki muryarsa. Tambaye shi kifayen da ya daina gani, da watan da kowanne ke tasowa. Wannan bayani babu shi a Google, kuma idan masu shi suka tafi, ya tafi.

Huɗu, idan kai ɗalibin injiniya ne ko kwamfuta kana neman aikin kammala karatu, na'urar auna tsayin ruwa da Arduino, mai turo saƙon tes, ba ta fi ƙarfinka ba.

Kammalawa

Matakalar kifi fasaha ce mai amfani, amma ba a sayo ta a kwali kamar caja. Sai an san kifin, an san ruwan, an gina daidai da su, sannan a sa na'ura ta tabbatar ana wucewa. A kogin Kano kuma matakin farko shi ne ruwa ya isa fadama a kan lokaci. Wanda ya samu hoton tsage ko faliya daga Wudil, Tiga ko Hadeja, ya turo mana tare da sunan wurin da watan da aka kama shi. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.